Teburin jarida a gefen titi: tambayoyin da masu sana'ar ke yawan yi a Kaduna

Na daɗe ina mu'amala da masu sayar da jarida a cikin garin nan, tun zamanin da ake sammako a tari motar jarida da asuba, a ƙirga, a ɗaure, kowa ya kama hanyar wurin zamansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suke ta dawowa, musamman duk lokacin da aka fara aikin titi ko aka ji ƙishin-ƙishin za a yi rusau. Wasu daga masu teburin suka fito, wasu daga mutanen unguwa da tebur ya tare wa hanya. Na sa musu lamba don a ji sauƙin komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne akwatin sayar da jarida, kuma muna da shi a Kaduna?

Akwati ne na ƙarfe mai fuskar gilashi da ake kafawa a gefen titi, a cika shi da jaridar ranar. Mai saye ya jefa tsabar kuɗi, murfi ya buɗe, ya ɗauki guda ya mayar da murfin, babu mai tsaro. A Amurka aka fi saninsa, inda wani mai suna George Hemmeter ya ƙirƙiro shi a 1947. Ya yaɗu har ya zama a kusurwar titi ɗaya sai ka ga akwatuna jere reras, kowane kamfani da nasa, abin da ya sa hukumomin birane suka shiga tsara musu dokoki.

Mu a nan bai samu gindin zama ba. Kuɗin ƙarfe ba ya yawo a hannun mutane: kwandalolin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, na kobo 50 da Naira 1 da Naira 2, ko alawa ba sa saye, balle jaridar ɗaruruwan Naira. Sannan jaridarmu hannu da hannu ake sayar da ita. Mai jarida ya san wanda yake karɓa kullum ya biya ƙarshen wata, ya san ofishin da ake kai wa kafin ƙarfe takwas. Don haka abin da ke tsaye a madadin akwatin shi ne tebur, ko rumfa, ko kes, ko katako da aka jingina aka maƙale jaridu da abin shanya. Matsalar dai guda ce da ta can: abu ne na mutum ɗaya a zaune kan hanyar kowa.

2. Gefen titi na waye? Mai shagon da ke bayana ya ce nasa ne.

Ba nasa ba ne. Iyakar mai shago ko mai gida ita ce inda takardar filinsa ta tsaya. Daga nan zuwa kwalta, wato lambatu da dandamalin masu tafiya a ƙasa da filin da ake bari saboda faɗaɗa hanya, duk ɓangaren titi ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana ta jama'a, kuma a Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan iyakokin filaye.

Saboda haka idan mai shago yana karɓar kuɗin wata a hannunka don ka ajiye tebur a kan dandamali, ka sani kana biyan wanda ba shi da abin da zai ba ka haya. Ranar da hukuma ta zo, maganarsa ba za ta tsaya maka ba. Amma idan teburin yana cikin barandarsa ko harabarsa, wannan yarjejeniya ce mai kyau, kuma ita ce mafi kwanciyar hankali a cikin duk hanyoyin da na gani. Ku rubuta ta ko da a fallen takarda ɗaya, da shaidu biyu.

3. To wace hukuma ce take da hurumi a kan teburina?

Nan ne kan mutane yake ɗaurewa, don ba hukuma ɗaya ba ce. Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai kula da shaguna da kes-kes da allunan talla na waje, da kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan ƙaramar hukumarka tana da ta cewa. Birnin Kaduna kuwa ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Mai tebur a Kawo ko Unguwar Rimi na Kaduna ta Arewa ne, na Tudun Wada da Barnawa na Kudu ne, na Sabon Tasha yana Chikun, na Rigasa kuma yana Igabi.

Sai hukumomin jiha. KASUPDA ita ce ta tsara birni, ita ke ba da izinin gini, ita ce kuma ke shafa jan fenti a kan abin da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba. KASTLEA tana kula da zirga-zirga da duk abin da ke tare titi. KEPA ta muhalli ce, wato shara da toshe magudanar ruwa. KADIRS kuma ita ce ta haraji, wadda za mu zo kanta a tambaya ta 6.

Akwai kuma titunan Gwamnatin Tarayya, irin su hanyar Abuja da hanyar Zariya da titin Nnamdi Azikiwe da ya kewaye gari ta yamma. Waɗannan suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, kuma filin da doka ta keɓe musu ya kai mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare. Takardar da ƙaramar hukuma ta ba ka ba ta ɗaure hannun ma'aikatar tarayya a kan titinta.

4. Dokar hana talla a titi ta shafi mai jarida?

A watan Yulin 2015, bayan harin bam da aka kai sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a Zariya, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sanar da hana bara da talla a titunan jihar, daga baya aka mayar da abin doka a 2016. Kada mai jarida ya ɗauka cewa don takarda ce a hannunsa ba gyaɗa ko ruwan leda ba, dokar ta tsallake shi. Wanda yake ratsa tsakanin motoci a danja yana ɗaga jarida, a idon jami'in da ke tsaye a wurin talla yake yi.

Mai tebur a wuri ɗaya, wanda ya ja baya daga kwalta, matsayinsa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, muddin ya kiyaye abin da ke tambaya ta 7. Haka wanda yake kai jarida ofis-ofis da gida-gida ga waɗanda suka yi oda: shi saƙo yake kaiwa. Shawarar da nake ba yaran da ke bin danja ita ce su nemi kwastomomi na dindindin su bar tsakiyar titi. Ko babu doka, na ga abin da mota take yi wa mutum.

5. Ina son in yi abin a kan ƙa'ida. Ta ina zan fara?

Fara da shugabannin masu sayar da jarida na yankinka, don su ne suka san wurin da aka taɓa tayar da mutane da wurin da aka bari. Daga nan ka je sakatariyar ƙaramar hukuma da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da hoton wurin, da sunan titi, da girman teburin, da katin shaidarka. Idan abin da za ka kafa mai kwana ne a wurin, kamar kes ko rumfar kwano, sai ka haɗa da KASUPDA (duba tambaya ta 11).

Abin da nake roƙon kowa shi ne kada ya yarda da izinin baki. "Je ka zauna, ba komai" ba ta da amfani ranar da aka yi wa wanda ya faɗe ta canjin wurin aiki. Ka nemi a rubuta: sunanka, wurin, abin da aka yarda ka ajiye, da ranar da izinin zai ƙare. Ka yi hoton takardar a waya, ka ajiye ta asali a gida, ka riƙe kwafi a leda a ƙarƙashin tebur. Idan aka ƙi ba ka, ka nemi a gaya maka dalili, don dalilin ne zai nuna maka ko matsawa kaɗan za ta warware matsalar.

6. Kullum wani ya zo da tikiti. Wa ya kamata in biya?

Tun 2016 jihar Kaduna ta tattara harajinta a cikin doka guda, ta mayar da karɓar kuɗin shiga hannun KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu da sunan gwamnati. Ma'anar wannan a wurinka ita ce kuɗin gwamnati asusun gwamnati yake shiga, kuma akwai rasit mai suna da lamba. Wanda ya zo da guntuwar takarda ba hatimi ya ce a ba shi na yau, kana da damar ka tambaye shi cikin ladabi: "Yallaɓai, na wace hukuma ce, kuma a wane asusu zan biya?"

Kuɗin ƙungiya daban ne, wannan tsakaninku ne, kuma ba ya zama izinin zama a titi. Haka ma rasit ɗin haraji. Mutane da yawa suna rikita biyun: biyan haraji yana nuna ka sauke nauyin kuɗi, izini kuwa yana nuna an yarda da wurin. Akwai wanda ya tara rasit cike da leda amma aka tashe shi, don babu ko ɗaya a ciki da ya ambaci wurin zamansa.

7. Waɗanne wurare ne bai kamata a ajiye tebur ba ko da babu wanda ya hana?

Wannan ita ce tambayar da na fi son a tsaya a kanta, don yawancin rigimar da ake yi da hukuma daga nan take tasowa. Tun da aka fara aikin sabunta birni a 2019, aka faɗaɗa tituna da dama, aka yi musu dandamalin masu tafiya a ƙasa, aka sake gadar Kawo, aka gyara Dandalin Murtala. Wannan dandamali an yi shi ne don ɗan makaranta da tsohuwa da mai goyo su daina raba kwalta da mota. Idan tebur ya cinye shi, mutum sai ya sauka titi, kuma a daidai inda ya sauka ɗin ne keke ko babur ke kwashe shi. Gwajin da nake ba mutane mai sauƙi ne: bayan ka ajiye teburinka, ka sa mutum biyu su wuce kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ya kauce ba. In ba su wuce ba, teburin ya yi girma ko wurin ya yi kaɗan.

Ka tuna da makaho mai sanda da mai keken guragu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hanyoyin gefen titi da wuraren tsallakawa su zama masu biyuwa gare su. Makaho yana haddace hanyarsa ne, ya san taku nawa daga wannan kwana zuwa waccan. Teburin da yau yake nan gobe ya matsa can, ko igiyar rumfa da aka ja ta tsallake hanya, ko dutsen danne jarida da aka bari a ƙasa, duk tarko ne a gare shi. Gangaren da aka yi don keken guragu ya hau dandamali kuwa, a bar shi fayau.

Sauran wuraren da za a guje wa: bakin kwana da shataletale, inda rumfa ke rufe wa direba ganin abin da ke tahowa, daidai inda ake tsallaka titi, matakalar gadar masu tafiya a ƙasa, inda motocin haya da Keke Napep ke sauke fasinja, ƙofar asibiti da makaranta da masallaci da coci, ƙarƙashin taransifoma. Sai kan lambatu. Na san a nan ne wuri ya fi samuwa, a shimfiɗa katako a ɗora tebur, amma da damina ta kankama shara ta taru a ƙarƙashi, ruwa ya hau titi, kai za a fara nunawa da yatsa.

8. Masu karatun kyauta su ne suke cika wurin. Laifina ne?

Kowa ya san wannan majalisa. Da safe a taru a kan tebur, wani ya ba da ɗan canji ya karanta ya mayar, wani ya leƙa kanun labarai kawai, daga nan a ɓarke da musun siyasa ko na ƙwallo har hantsi. Ni ba na ganin ta a matsayin ɓarna. Kaduna, garin da jaridar New Nigerian ta fara fitowa a ranar 1 ga Janairun 1966 daga titin Ahmadu Bello, garin da aka haifi jaridar Weekly Trust a 1998, mutanensa sun saba da tsayawa su karanta su yi gardama. Ɗalibi da ɗan fansho da mai neman aiki da ba za su iya saye ba, a nan suke samun rabonsu.

Sai dai a wajen jami'i, taron naka ne, tunda teburinka ya tara shi. Sau da yawa teburin kansa bai tare komai ba, mutum goma sha wani abu da suka kewaye shi da baburan da suka jingine ne suka tare. Maganin shi ne ka juya fuskar tebur ta kalli bango ko fili maimakon kwalta, ka sa benci a gefen da ba hanya ba, ka roƙi masu abin hawa su ajiye can gaba. Dattijan majalisar za su taya ka tsawatarwa in ka gaya musu gaskiya cewa cunkoson zai iya jawo a tashe ka.

9. Ba Tsarin Mulki ya ba da 'yancin jarida ba? Me ya sa za a taɓa mai sayar da ita?

Ya bayar. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar labari da isar da shi, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati. Jaridar da aka buga ba ta isa hannun mai karatu ba kuwa, kamar ba a buga ta ba ne, don haka mai tebur yana cikin wannan sarƙa. Amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da lafiyar jama'a da zaman doka da oda, muddin dokar mai ma'ana ce a tsarin dimokuraɗiyya.

Inda layin yake a fahimtata shi ne nan: hukuma tana da ikon ta ce maka "ba a nan ba, matsa can", ko "rage girman teburin". Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta ce "kai tashi saboda jaridar da kake sayarwa", alhali maƙwabcinka mai wata jaridar yana zaune. Tambaya ta 10 ta nuna yadda aka yi wannan shari'a a wata ƙasa.

10. Yaya aka warware rigimar akwatunan a Amurka?

Shari'u uku sun isa misali. A garin Lakewood na jihar Ohio, an yi dokar da ta ba magajin gari ikon ba da izinin kafa akwati duk shekara, ko ya hana, ko ya gindaya duk sharaɗin da ya ga dama. Kamfanin jaridar Plain Dealer ya kai ƙara, a 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan ɓangare na dokar. Hujjarta ita ce idan izini ya rataya a kan son ran mutum ɗaya ba tare da ma'auni a rubuce ba, jarida za ta fara tauna abin da za ta rubuta a kansa tun kafin lokacin sabunta izini ya zo.

A 1993 kotun ta yanke wani hukuncin a kan birnin Cincinnati, wanda ya umarci a cire akwatuna 62 na mujallun talla da sunan tsabtace gari, ya bar na jaridu da yawansu ya kai 1,500 zuwa 2,000. Kotu ta ce akwatin talla bai fi na jarida muni ko tare hanya ba, don haka bambancin ba shi da tushe. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta amince da hana akwatunan gaba ɗaya a tsohuwar unguwar Beacon Hill da ke Boston, saboda hanin ya hau kan kowa daidai kuma akwai wasu hanyoyin samun jarida a unguwar.

Hukuncin kotun Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya. Na kawo su ne don abin da suka nuna ya dace da mu: ƙa'ida ta kasance a rubuce, ta auna wuri da girma, ta hau kan kowa, kada a bar ta a aljihun jami'i ɗaya.

11. Ina son in mayar da tebur kes ko kwantena, in haɗa da POS da katin waya. Akwai bambanci?

Akwai, babba ma. Tebur ana naɗe shi da yamma a tafi da shi. Kes da kwantena da rumfar da aka kafa wa ƙarfe aka zuba siminti sun zama gini a idon masu tsara birni, kuma su ne farkon abin da ake shafa wa fenti. Kada ka zuba jarinka a kwantena kafin ka riƙe takardar KASUPDA a hannu.

Na san ciniki ya ja baya tun da labari ya koma waya, kuma la'adar jarida kaɗai ba ta riƙe gida, shi ya sa kusan kowa ya haɗa da wani abu. Ba laifi, amma ka sani duk abin da ka ƙara yana ƙara layin mutane a gabanka, kuma yana raunana hujjar cewa kai mai jarida ne kawai. Lema ko allo mai ɗauke da tambarin kamfani kuma talla ce ta waje, tana da nata izini da nata kuɗi. Kamfanin da ya ba ka lemar shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyi, ka tambaye shi tun kafin ka karɓa.

12. Za a iya ƙwace jaridu saboda labarin da ke ciki?

An taɓa yi. A watan Yunin 2014 sojoji sun tare motocin rarraba jaridu a sassan ƙasar nan, suka riƙe kwafin jaridu irin su Leadership da Daily Trust da The Nation da Punch, suka ce bincike ne na tsaro. Kamfanoni sun yi asara, amma masu tebur ma sun wuni ba ciniki. Idan irin haka ta same ka, kada ka yi ja-in-ja da mai bindiga. Ka lura da lokaci da wuri da adadin kwafin, ka kira ejan ɗin da kake karɓo jarida a hannunsa nan take, shi kuma ya sanar da kamfani da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ. Wannan faɗan na kamfani ne da lauyoyinsa, ba naka kai kaɗai ba.

13. An shafa wa rumfata jan fenti, ko an kwashe min kaya. Me zan yi?

Jan fenti gargaɗi ne, kada ka goge shi ka yi kamar ba ka gani ba. Ka ɗauki hotonsa, ka je ofishin da ya shafa da takardunka na tambaya ta 5 da ta 6, ka ji abin da ake nufi da wa'adin da aka ba ka. Sau da yawa wanda ya je da wuri yana samun damar kwance rumfarsa da hannunsa ya tsira da kwanonsa da katakonsa, wanda ya jira mota kuwa sai dai ya tsinci ɓaraguzai.

Idan kaya aka kwashe, ka nemi sunan hukumar da inda za a kai su, ka roƙi a rubuta abin da aka ɗauka. Ka bayyana musu abu guda da mutanen waje ba su sani ba: jaridar ba taka ba ce. Ka karɓo ta ne a kan ka sayar ka mayar da kwantai, kuma duk kwafin da ba ka mayar ba za a rubuta maka shi bashi. Sannan jarida kayan yini ɗaya ce, wadda aka riƙe zuwa jibi ta zama ta ƙunshin ƙosai da tsire. Na taɓa raka wani dattijo wani ofishi a kan haka, aka yi ta mana je-ka-ka-dawo kwana uku, da aka sako kayan babu abin da ya rage mai sayuwa, shi kuwa bashin yana wuyansa. Tun daga ranar nake cewa a fara roƙon jaridun a ranar, a bar maganar tebur zuwa gobe.

Idan tara aka yanka maka, ka biya ta hanyar da ke da rasit. In kana ganin an zalunce ka, sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba ka haƙƙin a saurare ka, sashe na 44 kuma ya hana karɓe dukiyar mutum sai ta hanyar da doka ta tsara. Kana iya kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ofishin ba da tallafin lauya kyauta na gwamnati. Ku je a ƙungiyance, an fi sauraron mutum ashirin da takarda ɗaya.

14. Na shekara ashirin a wurin. In an tashe ni, ba ni da diyya?

Gara in faɗa maka gaskiya: daɗewa a gefen titi ba ta mayar da wurin naka. Diyyar da Dokar Amfani da Ƙasa ta yi magana a kanta ta wanda yake da haƙƙin mallakar fili ce aka karɓe saboda amfanin jama'a. Abin da za ka iya nema, kuma ya dace a ba ka, shi ne isasshen wa'adi da wani wurin da za ka koma kusa da kwastomominka.

15. Ni mazaunin unguwa ne, tebur ya tare mana hanya. Ina zan kai ƙara?

Fara da mai teburin. Ka same shi da safe kafin jama'a su taru, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, yaranmu suna sauka kwalta saboda wurin nan, ko za a ɗan ja baya?" Mafi yawansu za su ja, don su ma ba sa son abin da zai kai su ofis. In bai ji ba, sai mai unguwa ko shugaban ƙungiyarsu. Hukuma ita ce matakin ƙarshe, kuma in ka je ka faɗi abin da kake so daidai: a matsar da tebur, ko a cire bencin da ke kan hanya. Wanda ya rubuta cewa a kawar da masu jarida gaba ɗaya yana iya raba magidanci da abincinsa a kan abin da taku uku zai gyara.

16. Idan gwamnati za ta tsara wa masu jarida ƙa'ida ta musamman, ko wani kamfani ya kawo akwatunan zamani, me ya kamata ta ƙunsa?

Yanzu da ake biya da kati da tiransifa, ba abin mamaki ba ne wata rana a ga akwati ko ƙaramin kes na kamfani a bakin manyan kantuna ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Ko da akwati ko babu, abin da nake fata a gani a rubuce shi ne: taswirar wuraren da aka yarda a kowane babban titi, girman tebur, faɗin hanyar da dole a bari, kuɗi guda sananne, da ofishi guda da za a je maimakon huɗu. A sa wa'adin da hukuma za ta amsa takardar nema, in ta ƙi ta rubuta dalili, a kuma samar da inda za a ɗaukaka ƙara. Kada ƙa'idar ta tambayi wace jarida ce, ta Hausa ce irin Aminiya ko ta Turanci, mai yabon gwamnati ce ko mai sukarta.

A ba waɗanda suka daɗe a sana'ar fifiko wajen rabon wuraren, don kada a gyara titi da sunansu sannan mai kuɗi ya zo ya kama gurbin. Su ma masu teburin akwai nasu nauyin: kowane kes ya ɗauki suna da lambar mai shi a jiki, a share wurin kullum, igiyoyin ɗaurin jarida da ledoji kada su shiga lambatu. Kes ɗin da aka rufe aka yi watsi da shi watanni yana tsatsa, a liƙa masa sanarwa, in wa'adi ya cika ba a ga mai shi ba a ɗauke a ba wani gurbin.